Mu da ke Saudiyya, wa ke duba mana filin da muke saya a gida?

Assalamu alaikum Edita. Ina gaishe ku da aiki, don Allah a ɗan ba ni fili a jaridarmu, amma ba irin filin da zan yi magana a kansa ba, wancan kam na ƙoshi.

Ni tela ne a nan Makka wajen Shara Mansur, kuma kusan duk wanda na sani a nan, daga direba har masu aikin gida, burinsa ɗaya ne, ya tara riyal ya sayi fuloti ko gida a Kano ko Katsina ko Zariya kafin ranar da iƙama, wato takardar izinin zama, za ta ƙi sabuntuwa. Toh gardamar da muke yi kullum bayan isha'i ita ce, wai sai mutum ya ɗauki wakili na musamman ya biya shi, ko kuwa ɗan'uwa ya isa? Ni dai na ce a ɗauka a biya, kuma sai da na sha wuya na gane haka.

A 2019 na tura wa ƙanena kuɗi ya saya min fuloti hamsin da hamsin a bayan garin Kano, awon igiya. Ya turo hoto ta WhatsApp, wuri fes, ashe da rani aka ɗauka. Da na je hutu cikin damina sai na tarar kwari ne, ruwa har gwiwa, wannan ma da sauƙi, daga baya sai ga wata baiwar Allah ta fito ta ce gonar gado ce kuma ita ba ta sa hannu ba, ba a ma raba gadon ba aka yanka aka sayar. Wallahi ƙanena bai ci min ko sisi ba, rashin sani ne kawai, ya bi dillalin da ya kai shi, shi kuma dillali la'adarsa yake nema kuma na mai sayarwa ne, ina ruwansa da wani tela a Makka. Kuma kunya ba ta bari ka ce wa ɗan'uwanka kawo rasit, kana faɗa Hajiya za ta kira ka ta ce kai yanzu kuɗi ya sa kana tuhumar ƙanenka.

Ina ganin zaman nan ne ke ruɗarmu. A Saudiyya takardar gida tana cikin kwamfutar gwamnati, dillali sai da lasisi, la'adar ma an san ta, kashi 2.5 cikin 100. Gida ba haka ba ne. Tun dokar ƙasa ta 1978 ƙasar jiha a hannun gwamna take, takardar da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu shaidar ciniki ce kawai, ba ita ce satifiket na mallaka ba, kuma ko gida mai satifiket ka saya sai an nemi amincewar gwamna kafin ya koma sunanka. Mutum nawa cikinmu suka san wannan?

Shi ya sa nake cewa a samu mutum, lauya ko wani masanin harkar filaye, wanda kai ka ɗauke shi kuma kai kaɗai yake wa aiki. Ya je ofishin gwamnati mai ajiye bayanan filaye, KANGIS in Kano ne, ko AGIS in Abuja ne, ya binciko sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da wurin a banki, ko hanya za ta bi ta kai. Ya kai safiyo ya auna, ya zauna da maƙwabta ya ji tarihin wurin, don su ne za su gaya maka in an taɓa sayar wa mutum biyu. Kuma a yanka masa lada tsayayye tun farko, kar a ce kaso daga kuɗin ciniki, in ba haka ba tsadar wurin ribarsa ce, shi ma ya zama dillali kenan. Takardar wakilcin a rubuta fili kaza kawai, sunan mai saye ya zama naka yadda yake a fasfo, kuɗi kuma su tafi akawun ɗin mai sayarwa kai tsaye.

Na yarda in gidan maƙwabcinku ne da ka san shi tun kana yaro, ba sai ka wahalar da kanka ba.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi matanmu ne masu aikatau a Jidda da Riyad, shekara goma tana wanke-wanke tana turawa, ta koma ta tarar an gina gidan da sunan wani a dangi. Edita don Allah ku gayyato lauya ya yi mana bayanin nan da Hausa, mu za mu yaɗa shi a guruf-guruf ɗinmu. Ni maganar filina har yanzu tana gaban alƙali, an ɗage zuwa bayan sallah.

Naku, mai karatu daga Makka.