Kan jirgin dizal janareta ne a bisa ƙafafun ƙarfe

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ni makanikin injin dizal ne a nan Sakkwato, gemuna ya yi furfura a kan wannan sana'a. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da yarona na gareji ya yi, cewa kan jirgin ƙasa aikin Turawa ne, hannun irinmu ba ya kaiwa can. Maganar ta ƙona mini rai.

Su ma Turawan ba su dace tun farko ba. A 1912 kamfanin Sulzer na Suwizalan da Borsig na Jamus suka haɗa kan jirgi na farko mai injin Rudolf Diesel, wanda ya ƙirƙiro injin dizal. Sun haɗa injin kai tsaye da ƙafafun, kuma duk wanda ya taɓa tayar da injin nika ya san dizal ba ya tashi da kaya a wuyansa. Sai da iskar da aka matse ake tura jirgin kafin injin ya kama, kuma bai yi kasuwa ba.

Dabarar da ta warware matsalar ita ce a bar injin ya juya janareta, wutar kuma ta tafi ga injinan lantarki da ke juya ƙafafu. Hermann Lemp na General Electric ya samo hanyar daidaita injin da janaretar. Da aka yi dokar hana jiragen ƙasa masu aiki da kwal shiga birnin New York, sai kamfanonin Alco da General Electric da Ingersoll-Rand suka haɗa kai. A 1925 suka sayar da wani kan jirgi mai kama da akwati, yana jan taragu a cikin harabar tashar jirgi.

To Edita, injin dizal da janareta da naɗin waya, wanne ne baƙo a wurinmu? Yaron nan da kansa ya warware famfon man injin ban ruwa na wani mai albasa daga Gada, ya mayar, ya tashi bugu ɗaya. Bambancin kawai girma ne.

Dogo ya tsaya a Ƙauran Namoda tun 1929. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, can yake kai fatu a mota, ya ce a lokacin kwal daga Inugu ake kawowa don jirgin. Ya rasu bai ga dogo a garinsa ba, ni ma ga shi na tsufa.

Roƙona ga hukumomi shi ne su sa darasin injin dizal mai lantarki a makarantunmu na koyon sana'a, a kuma kai ɗalibai Zariya su ga kan jirgi a buɗe. In an ba ni dama, zan raka su da yarana biyu.

Wassalam.
Wani makaniki, unguwar Mabera, Sakkwato.