Godiya ga ma'aikatan Okinawa Karate Kaikan

Salam jama'a. Wannan godiya ce ta musamman ga ma'aikatan Okinawa Karate Kaikan da ke garin Tomigusuku kusa da Naha a Japan. Na san ba Hausa suke ji ba, amma wanda ya yi maka alheri ai sai ka faɗa a bainar jama'a, kuma ina so 'yan karate namu na gida su san da wajen nan.

Gwamnatin Okinawa ce ta gina shi aka buɗe a 2017, akwai filin atisaye akwai gidan tarihi, sannan ga ofishin da ke haɗa baƙo da dojo, wato makarantun karate, na cikin gari, kuma wlh mutanen ofishin nan ba su da wulaƙanci ko kaɗan, baƙon da Japananci bai zauna masa a baki ba haka za su bi shi a hankali har sai ya gane. Ranka ya daɗe ma'aikacin da ya zaga da ni gidan tarihi, na gode ƙwarai. Shi ya warware min yadda abun ya taso tun zamanin masarautar Ryukyu da ke kasuwanci da China, yadda Higaonna Kanryo ya je Fuzhou ya koyo faɗa ya dawo Naha da kata irinsu Sanchin (kata shi ne tsararren jerin motsin faɗa da mutum ke yi shi kaɗai), almajirinsa Miyagi Chojun ya kafa salon Goju-ryu. Su kata na Pinan guda 5 kuwa Itosu Anko ne ya tsara su don yaran makaranta, shi ya sa ma suka fi sauƙin kamawa, sai Funakoshi da ya kai karate Tokyo a 1922 daga baya ya canja masu suna zuwa Heian, kata ta Naihanchi kuma ta koma Tekki. Toh ku 'yan Shotokan, salon Funakoshi, ga asalin abun da kuke yi kullum.

Amma babbar godiyar a kan bunkai ne, wato yadda ake amfani da motsin kata a faɗa na gaske. Da yawa a wajenmu haddace kata kawai ake don a ci belt ko a burge alƙalan gasa, shi ya sa masu kallo ke cewa rawa ce. Sensei ɗin, wato malamin, da ofishin ya tura ni wajensa, dattijo ne gajere, cewa ya yi in kawo masa naushi. Hannun nan da muke ja zuwa ƙugu, hikite, da shi ya cafke wuyan hannuna ya fizgo ni, ɗayan hannun ya riga ya iso haƙarƙarina. Abun da muke kira tarewar ƙasa ya mayar da shi murɗe gwiwar hannu, juyawar da ake a tsakiyar kata kuma kayarwa ce, kai wani wajen sai ka rantse kokawa ake. A Naihanchi kaɗai muka cinye yammacin gabaɗaya, ita wannan da shahararren malamin karate na Okinawa Motobu Choki ya riƙe da muhimmanci sosai, takunta gefe gefe ne kawai a layi ɗaya amma duk faɗan kusa da kusa ne, gwiwar hannu, kamu, shurin ƙafa ƙasa ƙasa.

Duk wanda Allah ya nufa da zuwa Okinawa dan Allah ya fara da ofishin nan kafin ya kama yawon neman dojo da kansa, ba a faɗa wa malaman can haka kawai ba sallama. Allah ya saka maku da alheri, ya ƙara ɗaukaka wajen.

Naku, ɗalibi ɗan Arewa a Japan