Aikin ɗan jarida mai bincike a ƙananan gidajen talabijin

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan 'yan jarida masu binciken ƙwaƙwaf a ƙananan gidajen talabijin, waɗanda ba kasafai ake yaba musu ba.

Rahoton da mai kallo yake gani cikin minti biyar sau da yawa aikin watanni ne. Ɗan jaridar yakan fara da tsegumin da wani ya kawo masa a asirce, sannan ya nemi takardun kwangila da na kotu, wani lokaci ta hanyar dokar 'yancin samun bayanai, irin wadda Amurka ta kafa a 1966 da wadda Najeriya ta kafa a 2011. Dole kuma ya samu hoton da zai tabbatar da zancen, domin talabijin ba ta tafiya da "an ce", kuma ya ba wanda ake zargi damar kare kansa kafin a watsa komai.

Abin da ya fi damuna shi ne kusanci. Wakilin babbar kafa yakan gama aikinsa ya tafi, amma wannan yana zaune cikin mutanen da yake bankaɗo asirinsu, kowa ya san fuskarsa, kuma wataƙila wanda ake bincika shi ne mai ba tashar talla. Saboda haka ina kira ga masu gidajen talabijin da su tanadar wa irin waɗannan ma'aikata lauya da albashi mai kyau, su kuma daina janye rahoto don gudun ɓacin ran mai talla.

Naka,
Wani mai karatu