Masu ziyarar Kaulaha ma a sa su cikin lissafi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Sana'ata haɗa motocin masu ziyara daga Kano zuwa Kaulaha ta ƙasar Senegal lokacin Maulidi. Duk sanda jami'in gwamnati ya tashi magana kan yawon buɗe ido, Yankari zai ambata da Argungu da hawan Sallah, sannan ya rufe da yadda za a jawo Turawa su kawo dala. Ban taɓa jin an sako tsohuwar da ta shekara tana zubin adashi don ta je unguwar Madina Baye da ke Kaulaha ta ziyarci kabarin Shehu Ibrahim Inyass ba.

'Yata da ke karanta wannan fanni a wata kwalejin kimiyya da fasaha ce ta nuna min yadda hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da harkar take ƙidaya masu yawon buɗe ido. Wanda ya bar inda ya saba zama ya kwana wani wuri, zamansa bai kai shekara ba, kuma ba aikin albashi ya kai shi ba, ya shiga lissafi, ko ibada ce ta fitar da shi, ko asibiti, ko zumunci. Ashe fasinjojina duk suna ciki, haka masu zuwa Hubbaren Shehu a Sakkwato. Amma da na duba littattafan 'yar tawa, yawanci shimfiɗa gadon otal ne da jera cokula. Ban raina wannan ba, abinci ne. Sai dai karatun ya kamata ya fara da mutanen: wa ke fita, wa ya biya masa, wa ake tsayarwa a hanya?

A zo a ga yadda ake lodi. Kowace Hajiya da butarta da tabarma, da dambun nama a gwangwani da garin kwaki, sefar da ta canzo a Wapa kuma tana ƙulle a bakin zani. Hanyar da muka saba bi ita ce Yamai, Wagadugu, Bamako, Kayes, Tambakunda. Tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan ƙasashenta damar shiga na kwana 90 ba biza, amma a kowane shinge sai an sauke mutane, a duba fasfo da katin rigakafi, a yi ciniki. Da aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023 aka rufe iyaka, a Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ƙungiyar. Mai hali ya hau jirgi ya sauka Dakar. Mai adashi ko ta haƙura, ko ta bi hanya da fargaba.

A dubi Agadas ta Nijar ma. Direbobin da ke kai Turawa hamadar Tenere da duwatsun Abzin sun rasa baƙi bayan tawayen 2007 da sace ma'aikata a Arlit a 2010, da yawansu suka koma dakon masu tsallakawa Libiya. Dokar da Nijar ta kafa a 2015 ta mai da wannan dako laifi, aka kama direbobi aka ƙwace motoci, sai a Nuwamban 2023 aka soke ta. Direban nan bai canza hanya ba, fasfon fasinjansa ne ya canza. Ɗalibin da bai san wannan ba, me zai gaya wa gwamnati in ta tambaye shi shawara?

Roƙona ga malaman fannin shi ne, idan watan Rabi'ul Awwal ya kama su turo ɗalibai tasha da takarda da biro, su tambayi matafiya nawa suka tara, ina za su kwana, wa suka bar wa gida. Ni dai in tafiyar bana ta yiwu, na ware kujera biyu kyauta ga ɗaliban da iyayensu suka amince.

Naku,
Wani mai haɗa motocin ziyara, Fagge, Kano