Zuwa ga Yaya, kan maganar idona da na Inna

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Inna da Baba da yara duka. Ni ma lafiya ƙalau, aiki muke ta yi.

Na ji abin da ake yaɗawa, wai an yi mini tiyata a ido na makance, har Inna ta kwana tana kuka. Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai. Da idon nan nake rubuta maka takardar nan, babu gilashi a fuskata, rabona da haka tun ina ɗan shekara 12. Amma laifina ne. Na ɓoye don kada hankalinta ya tashi, sai ga shi ya tashi fiye da yadda nake gudu. Ka ba ta haƙuri, ka karanta mata wannan a hankali.

Ka tuna yadda nake matse ido in an yi rubutu a allo? Na kusa ina gani, na nesa kuwa dishi-dishi. Likita ta ce ƙwayar idona ce ta ɗan yi tsawo, shi ya sa haske ke haɗuwa tun bai kai bangon bayan ido ba. A gaban baƙin ido akwai wani tantani garai-garai kamar gilashin agogo, kaurinsa kusan rabin milimita ne kawai, amma shi ke yin wajen kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske. Shi suke gyara wa siffa. Irin aikin da aka yi mini sunansa LASIK, kuma ba sabon abu ba ne, a Amurka an amince da shi tun 1999. Idona biyu aka yi. Suka ɗiga maganin kashe zafi, suka sa wani ɗan ƙarfe ya riƙe fatar ido don kada in ƙifta, suka ɗaga siririn ɓawo daga saman tantanin kamar an buɗe shafin littafi. Sai hasken leza, wani haske mai ƙarfi da na'ura ke fitarwa, ya kankare na ƙarƙashin, ya ɗan baje tsakiyarsa. Na ji wani ƙauri kamar na gashi, nan ne gabana ya faɗi, na yi ta addu'a a zuci. Ko minti ɗaya lezar ba ta yi a kowane ido ba, suka mayar da ɓawon ya kwanta da kansa, babu ɗinki. Wanda matsalarsa ganin kusa ce, gefe-gefe ake kankare masa don tsakiyar ta ƙara tudu. Wanda nasa tantanin ya karkace kamar ƙwai, a daidaita shi.

Daren farko na sha hawaye, kamar an zuba mini yashi. Har yanzu idon na bushewa, ina ɗiga magani, fitilun mota kuma da dare sukan yi mini zobe-zobe, amma yana raguwa. Na yi 'yan kwanaki ban fita aiki ba, ba a biya ni su ba, ba wani abu ba ne. Dalilin da saƙon watan jiya ya makara ke nan. Na san abin da za ka ce, na gyara nawa ido na bar na mahaifiyata cikin hazo. Ni ma abin yana cina. Da gumina na biya, ban ci bashin kowa ba, amma da na san nata ya kai haka, da ita zan fara.

To ga maganar kuɗin da na turo ranar Talata. Na idon Inna ne, Yaya, na idon Inna kaɗai. Na ji Kawu yana cewa a kai ta a yi mata irin nawa. Don Allah kada ku yarda da wannan magana. Irin hazon da take faɗi, a shekarunta, yana iya zama yanar ido ce, ita kuwa yanar a can cikin ido take, madubin ciki ne ke dusashewa. Maganinta a cire shi a sa na roba, kankare tantanin waje ba zai yi mata komai ba. Ka kai ta wurin likitan ido na gaske, a auna mata har da hawan jinin ido, domin shi jijiyar gani yake ci a ɓoye, abin da ya cinye kuma ba ya dawowa. Ka faɗa wa likitan tana da ciwon suga, kada ka manta, suga ma yana taɓa bayan ido. Kada kowa ya ɗiga mata wani abu kafin nan.

Gilashin karatun Baba kuma a bar masa abinsa. Wannan na shekaru ne, yana zuwa wa kusan kowa bayan 40, ni ma likita ta ce in sa rai da shi duk da aikin da aka yi mini.

Sai Auta. Sau uku yana turo mini saƙo wai shi ma leza yake so, gilashi na sa abokansa yi masa dariya. Shekararsa 17. Ba a yi wa wanda bai kai 18 ba, kuma sai lambar gilashin mutum ta tsaya cak aƙalla shekara guda, sannan a auna kaurin tantanin, in ya cika siriri ba za su taɓa ba. Shi kuwa bara ma aka canza masa gilashi. Ka ja masa kunne ya daina murza ido, ya riƙa sa gilashinsa. Kada ka ba shi ko sisi daga kuɗin Inna, ko ya ce ni na ce.

In kun dawo daga asibiti ka ɗauki hoton takardar da likita ya rubuta ka turo mini, duk abin da ya ƙaru zan cika ƙarshen wata in sha Allahu. Na haɗo da hotona na jiya, ka nuna wa Inna kusa da fuskarta yadda za ta gani sosai.

Ka gaida Baba da kyau, ka ce ina neman addu'a.

Ƙaninka.