A waiwayi tarihin gidajen da suka sari daji

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi magana a kan wani ɓangare na tarihinmu da ba a cika waiwaya ba, wato gidajen mutanen da suka sari daji suka kafa ƙauyuka. Kullum ana kawo mana labarin fadoji da jerin sarakuna, alhali ƙauyuka da dama a Kano da Jigawa daga gida ɗaya suka tsiro.

Gidanmu da ke ƙasar Ringim yana cikin irinsu. Kamar yadda dattawa suka shaida mana, kakan mahaifinmu ya baro kewayen birnin Kano saboda ƙarancin gona bayan yunwar 1914, ya kai wa dagaci goro, aka nuna masa daji. Da bukkoki da danga ya fara, sannan ya haƙa rijiya, kuma wannan rijiyar ce ta jawo maƙwabta, domin ba mai zama inda babu ruwa. Har yau itacen bakinta na ɗauke da zurfafan sawun igiyar guga, ta yadda yaro kan sa yatsunsa a ciki su shige.

Ginin ƙasa ya biyo baya ne da kuɗin gyaɗa, lokacin da layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda ya ratsa Ringim, ya kammala a 1930. A lokacin aka yi zauren tubali da rufin azara, aka shafe shi da makuba. Tsarin gidan kansa bayani ne a kan gandu: turakar maigida kusa da shigifa, sassan 'ya'ya maza a ciki, rumbuna a tsakiya inda idon kowa ke kai. Samari su yi aikin gandu har azahar, da yamma kowa ya nufi gayaunarsa, shi kuma maigida ya ɗauki nauyin ci da haraji da auren fari. Wanda ya iya karanta wannan shimfiɗa ya san yadda aka ci aka sha a gidan.

Abin da ke damuna shi ne saurin ɓacewar wannan shaida. Da zarar an raba gado sai a rushe zaure, a tayar da bulo da kwano, wani ma ya sayar da kasonsa ya koma birni. Rabon gado haƙƙi ne da shari'a ta tabbatar, kuma ban ga laifin mai son ɗaki mai ƙwari ba, amma ya kamata a rubuta kafin a rushe.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, da jami'o'inmu na Dutse da Kafin Hausa, su tura ɗalibai su zana taswirar irin waɗannan gidaje, su naɗi muryoyin tsofaffi, musamman mata, domin su ne suka riƙe wace aka auro daga ina da wanda ya sha nonon wa. Ku ma ku ware musu shafi, ko sau ɗaya a wata. Idan wakilinku zai zo, ya zo kafin damina, domin bangon gabas na zaurenmu ya riga ya tsage.

Naka,
Mai karatu daga ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.