Yayata Ta Ce In Rufa Mata Asiri, Ga Bikin Autarmu Ya Matso

Assalamu alaikum Hajiya. Ina fata kina lafiya, ya aiki, ya mutanen gida? Ina cikin masu sauraron filinki a rediyo, kuma na ga yadda kike haɗa maganar likita da ta zumunci ba tare da kin zubar da ɗaya ba. Shi ya sa na kawo kukana gare ki. Don Allah a sakaya sunana.

Ni malamar firamare ce a Tudun Wada, nan Kaduna. Mu shida ne a ɗakinmu, mata huɗu, maza biyu. Bara Yayata, mai shekara 39, ta ji ƙullutu a mamanta na hagu. Aka gutsuri tsoka aka kai ɗakin gwaji, aka tabbatar sankara ce. An yi mata aiki, ta karɓi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, a asibitin Shika da ke Zariya, yanzu tana shan tamoxifen, domin gwajin ƙarin ya nuna irin wanda sinadarin jikin mace ke ciyarwa ne. Alhamdulillahi, jiki da sauƙi.

Likitan da ke dubanta ne ya tsaya ya tambaye mu tarihin gida. Gwaggonninmu biyu ciwon mama ne ajalinsu, ɗaya ko hamsin ba ta kai ba. Baba kuma, Allah Ya jiƙansa, sankarar nan da ke kama maza a ƙasan mafitsara ce ta tafi da shi. A dangi har gobe ana cewa jifa ce aka yi wa gidan kakanmu. Likita ya ce idan ciwo ya taru a ɓangare ɗaya na dangi, yana kuma kama mutane da ƙuruciyarsu, to a binciki gado. Muka harhaɗa kuɗi da ƙyar aka ɗebi jinin Yaya, sakamako ya dawo cewa tana ɗauke da lahani a ƙwayar halittar da ake kira BRCA2.

Ga yadda ya yi mana bayani, ki gyara min idan na karkace. Kowane ɗan Adam, mace ko namiji, yana da wannan ƙwaya guda biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Aikinta gyara ɓarnar da ke faruwa a cikin ƙwayoyin jiki kafin ta zama ƙari. Wanda ya gaji guda ɗaya mai lahani lafiyarsa ƙalau, sai dai ranar da ɗayar ma ta lalace a wani sashe na jiki, babu mai gyara. Ya ce yawancin sankara ba gado ba ce, a duniya kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ne kawai na sankarar mama ke zuwa ta wannan hanya. Amma binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka yi a Ibadan, wanda ya fito a 2018, ya gano kusan kashi 15 cikin ɗari na matan Najeriya masu ciwon da aka gwada suna ɗauke da irin wannan lahani na gado. Ashe ba cutar Turawa ba ce, tamu ce.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne lissafin. Kowane ɗa na mai ɗauke da lahanin, rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba. Macen da ta gaji na BRCA2, haɗarin sankarar mama a tsawon rayuwarta yana tsakanin kashi 45 zuwa 69 cikin ɗari, ga kuma na jakar ƙwan haihuwa. Maza ma ba su tsira ba, har sankarar mama tana iya kama su. Amma sanin yana da amfani, Hajiya, kuma wannan ne ya hana ni yanke ƙauna. Wadda ta san tana da shi za a fara sa mata ido da hoton MRI tun tana shekara 25, a ƙara da hoton mama daga 30, a kama ciwo yana ƙarami. Idan ta gama haihuwa, ana ba da shawarar cire jakar ƙwan tsakanin shekara 40 zuwa 45. Akwai ma magani, olaparib, da aka yi shi musamman don ƙarin da ke da wannan rauni, ko da yake kuɗinsa ya fi ƙarfin irinmu.

To ga inda gizo ke saƙar. Yaya ta riƙe hannuna ta ce in yi mata alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba, har Mama. Ba na ganin laifinta ko kaɗan. Tana da kishiya, dangin mijinta sun riga sun fara yi mata kallon tausayi mai ciwo tun da aka yi aikin, ga 'ya'yanta mata uku suna tasowa. Ta ce da zarar magana ta fita, za a laƙaba mana sunan gidan masu daji, babu mai sallama a ƙofarmu neman aure. Kin san garin nan, zance daga gidan suna yake tashi, kafin magariba ya kai Rigasa da Kawo.

Sai dai an sa ranar auren Autarmu bayan Babbar Sallah, kuma ɗan Baffanmu za ta aura, Baffan da suke uwa ɗaya uba ɗaya da Baba. Da na ambata wa likita, sai ya gyara zama. Ya ce idan miji da mata duka suna ɗauke da lahanin BRCA2, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya gaji biyun, a haife shi da wata cuta mai tsanani da ake kira Fankoni, wadda ke kashe ɓargo, take kuma kawo sankara tun yaro yana ƙarami. Kamar dai yadda AS da AS ke haifar sikila. Ya jaddada cewa ba lallai ba ne su biyun suna da shi, gwaji ne kaɗai zai nuna. Su kuwa sun yi gwajin jinin da aka saba kafin aure, duk AA suka fito, kowa yana ta hamdala, ana ta haɗa lefe. Wancan gwajin ba ya ganin wannan.

Ni a zuciyata ina ganin sakamakon na Yaya ne, amma jinin namu ne gaba ɗaya. Auta tana da haƙƙin ta sani kafin a shafa fatiha, ƙannena maza suna da haƙƙi, 'ya'yan Gwaggo ma haka. Na je wa Yaya da wannan magana, ta yi kuka, ta ce so nake in ƙara mata ciwo a kan ciwo. Ni kuma ba na so in ci amanar mara lafiya.

Hajiya, ki ba ni shawara. Alkawarin da na yi mata ya ɗaure ni, alhali shirun zai iya cutar da wasu? Ina so ki taimaka ki tambaya mana malamai. Akwai hanyar da likita zai kira su Auta da angon ya ce tarihin Baba da su Gwaggo kaɗai ya isa a yi gwaji, ba tare da an ambaci Yaya ba? Idan kuma duka biyun suka fito da shi, wa zai tunkari Baffa da maganar, da wane baki, ba tare da zumunci ya tsinke ba? Ni ma na yanke shawarar zan yi nawa gwajin idan kuɗi sun haɗu, amma ban san ko in sanar da maigidana tun yanzu ba, ko in bari sai sakamako ya fito.

Biki yana ƙara matsowa, don Allah a duba wasiƙata da wuri. Allah Ya saka da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Taki,
Wata 'yar'uwa daga Tudun Wada, Kaduna.